Dankalin turawa daga shinge yake farawa

Mai son ya ci ribar dankalin turawa a ƙasar Damagaram, ba ranar da ya sayi iri aikinsa ke farawa ba. Tun bazara yake farawa, lokacin yankan aguwa. Garkata tana wajen Mirya, jigawa ce mai ɗan laka ta gefen fadama, rijiya ɗaya da ƙaramin injin ban ruwa. Abin da zan faɗa na mai irin wannan wuri ne, ba na mai babban gandu da tarakta ba.

Da hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, duk wani kore da ya rage a gari garkarka ce, kuma kowace akuya ta san haka. An saba yin shingen ƙaya da kara, to amma kowace shekara sai an sake: gara ta ci, iska ta kwantar, wani ya zare ya kai murhu, kai kuma ka yi ta ɓuyar ma'aikatan gandun daji saboda saran ƙaya. Waya tana da kyau ga mai kuɗinta. Mu sauran, shinge mai rai ne namu.

Aguwa ita ce mafi sauƙi. A ƙarshen bazara, kafin ruwan farko, ka yanko rassanta masu kauri, tsawon kamu biyu. Kada ka dasa ranar. Ka jingine su a inuwa kwana uku ko huɗu har bakin yankan ya bushe, domin wadda aka dasa tana zubar da ƙaro ruɓewa take yi. Ka haƙa ɗan kwari mai zurfin taƙi ɗaya, ka jera su kusa da kusa, ka taka ƙasar da ƙafa sosai. Ba ta son ban ruwa. Ka kiyaye idonka da farin ƙaron nan, kuma ka hana yara wasa da shi.

Aguwa kaɗai tana tare iska da rairayi, amma tsohuwar akuya tana samun kafa ta ƙasa. Shi ya sa nake ƙara layi na biyu daga ciki, na itatuwa: magarya, ɗakwara, jirga. Ƙwayarsu tana da taurin ɓawo. Ka tafasa ruwa, ka sauke, ka zuba irin ya kwana a ciki, sannan ka shuka cikin leda wata biyu zuwa uku kafin damana ta zauna. Ta magarya sai ka fasa ƙwallon ka ciro ƙwayar, ita ba ta bukatar ruwan zafi. Idan ruwa ya kankama ka dasa, tazarar rabin mita. Abin da yawancin mutane ba sa iya yi shi ne datsewa. Tausayi ke kama su. In dashen ya kai gwiwa, ka datse kansa, sai ya yi rassa tun daga ƙasa ya rufe. Wanda aka bari ya miƙe itace zai zama, awaki su riƙa wucewa ta gindinsa, inuwarsa kuma ta danne maka fangali. Shekara biyu zuwa uku na farko dole ka riƙe tsohon shingen ƙayarka a waje, har sabon ya iya tsare kansa. Gefen da babu hanyar dabbobi, lalle ya fi, mata za su sayi ganyensa. Baƙuwar ƙayar nan da malaman gandun daji ke kira prosopis kuwa, ban ba ka shawarar kawo ta kusa da rijiya ba. Tana saurin girma, amma in ta shiga fadama fitar da ita aiki ne.

Kafin ka kafa ko reshe ɗaya, ka kira maƙwabcinka ku taka iyaka tare, ka ja da baya taki ɗaya cikin naka. In filin aro ne ko jingina, ka nemi yardar mai shi a gaban mai gari ko kwamitin filaye na ƙauye, don a wurinmu wanda ya dasa itace kamar ya ce ƙasar tasa ce. Kada kuma ka ci burtali ko da taƙi ɗaya ne.

Idan ka tarar da ɗan gawo ya tsiro cikin garka, bar shi. Ganyensa da damana yake zubewa, ya tsiro da rani, kuma wanda ya bi hanyar Matamai zuwa Magarya ya ga yadda gero ke yi a ƙarƙashinsa. Tun zamanin sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 saran gawo laifi ne babba. Sai dai kada ka sa dankali dab da gindinsa, tunda inuwar tasa ta rani ce, ka ba latas da kayan miya wurin.

To, da damana me ke kan ƙasar? Da yawa suna barin garka haka nan har kaka. Ruwanmu kaɗan ne, wajen milimita 400 a shekara a kewayen birnin Damagaram, amma da ƙarfi yake sauka, ya daki ƙasar da ba ta da sutura ya kwashe mata abin da ka zuba da rani. Ni wake nake shukawa, mai yaɗo, ba mai tsayuwa ba, kuma na fi matse shi fiye da yadda ake yi a tsakanin gero. Cikin wata ɗaya da rabi ba ka ganin ƙasa, ciyawa ta rasa rana. Daga gefe nakan jefa kabewa.

Idan waken ya fara fure, ka tono gindi ɗaya a hankali ka wanke saiwar. Za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle manne a jikinta. Murza ɗaya da yatsa. In ya ɓalle cikin sauƙi, ka fasa ka ga cikinsa ja-ja, to alheri ne: a nan wake ke tara sinadarin da kake saye cikin buhun takin ure. In kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ta yi ƙulu-ƙulun da ba ya ɓallewa, wannan cuta ce, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, kuma suna son dankali da tumatir. Fangalin da ka ga haka, kada ka sa masa dankali bana. Ka ba shi gero ko dawa da damana, albasa da rani.

Na san abin da za a ce: harawa kuɗi ce, wa zai bar ta a ƙasa? Gaskiya ne, wanda ya ga yadda ake sayen ta a birni gab da Layya ba zai ce a binne ta ba. Ni ma ba na binnewa duka. Abin da nake roƙo biyu ne. Ka yanka da lauje, kada ka tumɓuke, saiwar ta zauna a ƙasa ta ruɓe. Sannan abin da tumakinka suka ci, kashinsu ya dawo garkar. Ganyen da ya kakkaɓe kuma kada a share. Inda ƙasa ta yi fako, ka shimfiɗa karan gero ka bar wa gara, ita za ta huda maka shi.

Kaji sun shigo maganar ne saboda kashinsu, wanda ya fi na kowace dabbar gida ƙarfi. Amma kazar da ke kwana kan itace ko kan katanga ba ta tara maka komai. Ka yi akurki mai iska, ka gitta sanduna a ciki su hau, ka zuba ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa a ƙasa, ka share duk mako ka tara a inuwa. Ka riƙa barbaɗa toka a lungunan akurkin saboda ƙuma.

Matsalar ita ce lokacin da ka fi bukatar kajin, lokacin annoba ke zuwa. Da hunturu ya busa sai ka ga kaza ta yi tsuru, fukafukai a sake, tana zawo kore-kore, wata wuyanta ya murɗe, kafin mako ya zagayo unguwa ta yi shiru. Likitocin dabbobi suna kiran ta Niwkasil. Ba ta da magani. Barkono da maɗaci da kafson mutane da ake jiƙa musu ba sa kashe ta, wadda ta tashi dama mai tashi ce. Rigakafi ne kawai, akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido, kuma na idon ana maimaita shi kamar duk wata huɗu. Ka yi shi a Oktoba, kafin sanyi, ga kaji masu lafiya. Ku haɗu gida biyar ko goma ku kira mai allura rana ɗaya, tunda kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce kuma in an buɗe ba ta jira. Kazar da ka sayo daga kasuwa, ko wadda aka kai ba a saya ba aka dawo da ita, ka ware ta mako biyu. In kuma ka ga kaji, zabi da agwagi suna faɗuwa tare cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ka yanka ka sayar, ka sanar da ma'aikatar kiwo. A Magarya aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, cikin Fabrairun 2006.

Zabi da damana suke ƙwai, kuma ba su iya reno ba. Ka sa wa kaza ƙwansu. Nata kwana 21 yake yi, na zabuwa 26 zuwa 28, saboda haka kada ka haɗa su rana ɗaya. 'Yan tsaki su zauna a killace wata na farko, saboda shirwa da raɓa, kana ba su tsaki da gara.

Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka. Tun Agusta ka haƙa rami a inuwa, ka riƙa jerawa: busasshiyar ciyawa, kashin kaji da na tumaki, 'yar toka, yayyafin ruwa, ka sake. Ka juya duk mako biyu. In ka cusa hannu ka ji ɗumi, yana aiki. Wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, wari ya tafi, daidai lokacin gyaran fangali.

Yanzu dankalin. Sanyin dare yake so kafin ya yi 'ya'ya, mu kuwa sanyinmu gajere ne. Shi kuma wata uku yake bukata, ko ƙasa da haka kaɗan ga iri mai sauri. Ka shuka daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Wanda ya kai Janairu zai ga ganye kore shar, ya tona ya tarar da 'yan ƙanana, domin zafin Maris ya riske shi.

Kada ka shuka dankalin ci na kasuwa, ba ka san cutar da ya ɗauko ba. Ka nemi iri na gaskiya mai takarda, irin su Rosanna, Pamela ko Sahel, ta hannun ƙungiyar manoma ko amintaccen mai sayarwa, kuma ka ba da suna tun da wuri, don daga Turai yake zuwa kuma yakan makara. Yana zuwa cikin akwati ko buhu mai kilo 25. In ba a yanka ba, wannan zai rufe wajen mita 10 a kan mita 10. Ka baza shi a ɗaki mai haske da iska, ba cikin rana ba, har ya fito da tsiro gajere mai kauri. Tsiron duhu dogo ne fari, yana karyewa a hannu. Ƙanana, masu girman ƙwan kaza, ka shuka su ɗungum. Manya ka raba biyu a tsaye, kowane ɓari da ido biyu aƙalla, kana tsoma wuƙar cikin ruwan jabel, wato bilic, bayan kowane dankali. Ka shafa toka a yankan, ka bari kwana biyu ya yi ɓawo.

Kada ka sa shi inda tumatir, tattasai, barkono ko yalo suka tashi bara, danginsa ne, cutarsu ɗaya. Ka kafce ƙasa da zurfi, ka gauraya takin ramin nan, in da hali ka ƙara ɗan takin zamani 15-15-15. Layi da layi santimita 60 zuwa 70, gindi da gindi 30, zurfi kamar tsawon yatsa, tsiro yana kallon sama. Ka jiƙa ƙasar kwana ɗaya kafin shuka, bayan nan ka sassauta ruwa har ya fito. Yawan ruwa a makon farko shi ke ruɓar da yankakken iri.

In ya kai taƙi ɗaya, ka ja ƙasa da fartanya ka tara masa a gindi, bayan mako biyu ka ƙara. Wannan ba aikin da ake tsallakewa ba ne. Duk ɗan da rana ta gani kore zai yi, ya yi ɗaci, ba ya ciyuwa kuma ba a ba dabba. A jigawa ruwa kaɗan-kaɗan kullum ko bayan kwana ɗaya ya fi ambaliya sau ɗaya a mako. Ƙasar da ta bushe ƙarau sannan aka cika ta, 'ya'yan tsagewa suke yi. Gindin da ka ga ya yi yaushi alhali ƙasa na da laima, ka cire shi da ƙasarsa ka fitar daga garka, kada ka jefa a ramin taki.

Idan ganye ya fara rawaya, ka ɗauke ruwa kwana goma. Ka tono ɗaya ka murza da babban yatsa, in fatar ba ta saluɓe ba ya nuna. Ka tona da sassafe ko da yamma, ka kwashe zuwa inuwa nan take, ka ware masu rauni a ci a gida. Bayan an kwashe ne kaɗai nake buɗe wa kaji garka, su yi kwanaki suna tonon tsutsa.

Kowa a lokaci ɗaya yake tonowa, saboda haka farashi yakan faɗi a kasuwar Dole ta birnin Damagaram. In kana da ɗaki mai sanyi da duhu, ka shimfiɗa shi kan rairayi, ba cikin buhu ba, kana dubawa kana cire mai ruɓa, zai ba ka 'yan makonni. Amma kada ka yi niyyar ajiye iri har baɗi, bazararmu ba ta barin sa. Fangalin da ya tashi kuma ka rufe shi da kara har ruwa ya sauka, bana wake, rani mai zuwa albasa ko kabeji, dankalin ya koma wani gefe.