In Za A Dasa Maka Haƙori A Baƙuwar Ƙasa

Ɗan'uwa, in ka sauka a sabuwar ƙasa kuma likitan haƙori ya ce dashe za a yi maka, roƙona na farko shi ne kada ka bar asibitin sai da abu uku a hannunka: takardar umarni a rubuce, lambar da ake kira bayan an tashi aiki, da ranar komawa. Ranar da aka yi mini nawa, rabin bakina ya mutu da allura, ma'aikaciyar jinya tana ta zuba bayani cikin harshen da bai gama zauna mini ba, ni kuwa sai gyaɗa kai nake yi don kada a ce ban gane ba. Na isa gida ban riƙe ko rabin maganarta ba. In harshen ƙasar bai kama bakinka ba tukuna, ka nemi tafinta tun ranar da ake sa maka lokaci, ko ka tafi da wanda ya iya. Matambayi ba ya ɓata.

Sanin abin da aka sa maka a baki shi ne zai sa ka gane dalilin kowace doka. 'Yar ƙusa ce mai zare, galibi ta ƙarfen titaniyam, ake murɗa ta cikin ƙashin muƙamuƙi a gurbin saiwar haƙorin da ya fita. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura tun a shekarun 1950 cewa ƙashi mai rai yana manne wa wannan ƙarfe har ba a iya raba su, kuma a 1965 ya dasa wa mutum na farko. Wannan mannewa ita ce aikin gaba ɗaya, kuma ba a kan kujerar likita take faruwa ba. A bakinka take faruwa, a hankali, cikin wata uku zuwa shida, kuma muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa jinkiri saboda ƙashinsa bai kai na ƙasa tauri ba. Sai ta kammala ake ɗora haƙorin da mutane za su gani.

A yinin farko, jinin da ya daskare a kan ciwon shi ne murfinsa, kuma duk dokokin ranar don kare shi aka yi su. Ka cije audugar da aka sa maka na minti 30 zuwa awa ɗaya, cizo mai ɗan ƙarfi, ba tare da kana ciro ta kana leƙawa ba. Awa 24 na farko ban da kurkure baki, ban da tofar da yawu da ƙarfi, ban da zuƙar abin sha ta bututu, ban da abu mai zafi. Kada ka ci komai sai allurar ta sake ka, don mutum yakan tauna leɓensa ko harshensa bai sani ba. Harshe kuma zai yi ta kai kansa wajen ɗinkin yana taɓa zaren, sai ka yi ta janye shi. Da dare ka ƙara matashin kai, ka shimfiɗa tsohon tawul a kai. Da asuba na ga tabo ja-ja a kan nawa, gabana ya faɗi, ashe ɗigon jini ne kaɗan ya gauraya da yawu ya yi kamar mai yawa. Jinin da ake tsoro shi ne wanda ke cika baki, kana danna auduga yana ƙin tsayawa.

Kumburi ba ya nuna kansa a ranar farko. A rana ta biyu da ta uku yake kai ƙarshe, wani lokaci har kunci ya yi shuɗi-shuɗi, daga nan ya fara saɓewa. Ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora a kunci minti 15 zuwa 20, ka sauke, ka huta kamar haka, ka sake. Maganin ciwo, parasitamol ko ibuprofen, ka sha na farko tun kafin allurar ta gama sakinka. Amma mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko mai shan maganin tsinka jini, ya faɗa wa likita kafin ya taɓa ibuprofen. Shi ma maganin tsinka jinin kada ka dakatar da shi da ra'ayin kanka. In an ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka sha shi yadda aka rubuta.

Daga rana ta biyu sai ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofin ruwa mai ɗumi, ka riƙe a baki ka ɗan karkata kai, ka buɗe baki ya zuba da kansa. Sauran haƙora a ci gaba da goge su da buroshi mai laushi, ana kauce wa ɗinkin. Abinci mai laushi, tauna a ɗaya gefen. Zare kuwa wani yana narkewa da kansa, wani ana cire shi bayan mako ɗaya zuwa biyu, don haka ka tambaya wanne ne naka. In dashen na sama ne kuma an ƙara ƙashi a ƙasan kogon da ke gefen hanci, to ban da fyace majina na kusan mako biyu, atishawa kuma a yi ta baki buɗe.

Maganar taba ba zan sassauta ta ba. Sigari da shisha suna takure jijiyoyin jini, suna hana dasashi da ƙashi samun abin da za su warke da shi, kuma suna cikin manyan dalilan da ke sa dashe ya ƙi kamawa. Mai ciwon suga shi ma ya tsare sugansa sosai a wannan lokaci. Sabon zuwa kuma yakan ji tsoron neman hutu a wurin aiki, amma in aikinka na ɗaukar kaya ne ko sunkuyo, ka nemi kwana biyu ko uku, ka karɓi takardar likita.

Abin da ya fi damuna da mu baƙi shi ne shiru. Mutum yana jin ciwo ya ce bari in ƙara haƙuri, kada in dame su, kada a caje ni. To ga inda haƙuri ke cutarwa. In allura ta saki ko'ina amma leɓen ƙasa ko haɓa sun kwana kamar ba naka ba, ka kira da sassafe, domin akwai jijiya da ke bi ta cikin muƙamuƙin ƙasa, kuma in ƙusar ta matse ta, saurin dubawa yana da tasiri a kan warkewarta. Haka in ciwo yana ƙaruwa bayan rana ta uku maimakon raguwa, ko zazzaɓi ya zo, ko kana jin ɗanɗanon mugunya, ko ƙarfen yana motsi. Kumburin da ya gangara wuya har haɗiya ko numfashi suka yi wuya kuwa ba na jiran safiya ba ne, ka kira lambar gaggawa: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada.

Bayan mako biyu ciwo ya tafi, a nan ne mutane ke sakin jiki, alhali ƙashi bai gama kama ƙarfen ba. Ka ci gaba da kauce wa tauna abu mai tauri a wurin har sai likita ya ba da izini. Ko bayan an ɗora haƙorin, ka sani ba shi da jijiyar da za ta gargaɗe ka. Ba ya ruɓewa, gaskiya ne, amma dasashin da ke kewaye da shi yana kamuwa da cuta, cutar ta riƙa cin ƙashi a ɓoye, sau da yawa ba tare da ciwo ba. Alamar farko ita ce jini in kana goge baki. Shi ya sa ƙaramin buroshin nan na tsakanin haƙora ya zama na kullum, zuwa duba kuma a riƙa yin sa ko babu abin da ke damunka.

Sai takardu. Mu baƙi ba mu cika daɗewa a gari ɗaya ba, yau aiki ya kai ka nan, gobe can. Kamfanonin da ke ƙera dashe suna da yawa, irin su Straumann da Nobel Biocare, kuma kayan wani ba lallai su shiga na wani ba, hatta abin kwance shi yakan bambanta. Ka ce a rubuta maka sunan kamfanin, samfurin, tsawo da kauri, da ranar da aka sa, a haɗa maka da hoton ƙashin. Ka tambaya tun da wuri ko inshorarka ta ɗauki nauyin dashe, don da yawa ba sa ɗauka, kuma in ya ƙi kamawa wa zai biya na biyu, a rubuta maka amsar. Ka ɗauki hoton takardun a waya, na asalin ka ajiye su tare da fasfonka.