Iyayenmu, ku buɗe da layinku

Baba da Inna na Tawa da kuka soma riƙe babbar waya: ku buɗe WhatsApp da Facebook da layinku, ba na jika ko na mai shagon caji ba.

Lambar shiga ta kan layin take zuwa. Mai layi shi ne mai asusu.

Sannan a kunna muku tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da ke kare asusunku. Ku zaɓi lambar sirrin nan mai alƙaluma 6 da kanku, ku rubuta a takarda, ku ajiye tare da katin ɗan ƙasa. Ku haɗa da imel. In kun manta lambar babu imel, sai kun jira kwana 7.

Amma in layin ya daɗe a ajiye ba a sa masa kuɗi, kamfani na iya rufe shi ya ba wani, lambar shiga kuma ta koma zuwa gare shi.