Yadda za ka rubuta tarihin Janar Grant ba tare da ka cakuɗa shekaru ba

Idan malami a jami'a, a Gombe ko Bauchi, ya ba ka aikin gida kan Ulysses Grant, janar kuma tsohon shugaban Amurka, kada ka fara da dogon bayani. Ɗauki takarda ka raba ta gida uku: soja, mulki, kuɗi.

A gidan soja rubuta cewa an haife shi a Ohio a 1822, ya gama makarantar hafsoshi ta West Point a 1843, ya ajiye kaki a 1854, ya koma a 1861 da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke. Janar Lee, kwamandan sojojin jihohin Kudu da suka ɓalle, ya miƙa masa wuya a Appomattox ranar 9 ga Afrilu 1865. Nan ɗalibai ke tuntuɓe: Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 4/9/1865 ba 4 ga Satumba ba ce. Gidan mulki gajere ne, shugaban ƙasa daga 1869 zuwa 1877.

Gidan kuɗi shi ya fi bukatar natsuwa, kuma a ganinmu shi ke bambanta aiki mai kyau da kwafe. Bayan ya sauka, Grant ya zuba dukiyarsa a kamfanin Grant & Ward na New York, inda ɗansa ke haɗin gwiwa da Ferdinand Ward. Ward ya riƙa yi wa mutane alkawarin riba mai tsoka daga kwangilolin gwamnati da babu su, yana biyan tsofaffin masu zuba jari da kuɗin sababbi, irin abin da muka gani a MMM. A Mayun 1884 Grant ya ranto dala 150,000 wurin attajiri William Vanderbilt don ceto lamarin. Cikin kwanaki bankin Marine, inda kamfanin ke ajiye kuɗinsa, ya rufe, kamfanin ya bi shi. Ward aka ɗaure. Saboda haka kada ka rubuta cewa Grant ne ke riƙe da littattafan kamfanin. Sunansa aka yi kasuwanci da shi, laifinsa rashin bincike.

Kada ka mayar da dalolin zuwa naira da farashin yau, lissafin ba zai nuna komai ba.

Kafin ka miƙa, duba suna. Hiram Ulysses iyayensa suka raɗa masa. Harafin S da ake gani a sunan Ulysses S. Grant, ɗan majalisar da ya nema masa gurbi a West Point ne ya saka bisa kuskure. Grant ya rasu 23 ga Yuli 1885.