Yadda ake warware zagayen dogaro wajen gina fakiti

Ga 'yan'uwana na Nima da Mamobi a Accra masu shirya fakitin Linux, wato ƙunshin manhaja da ake girkawa: wani lokaci fakiti biyu kan tsaya cak, kowanne yana jiran a gina ɗan'uwansa tukuna. FreeType, mai zana haruffa a allo, da HarfBuzz su ne sanannen misali. HarfBuzz ne ke haɗa haruffan Larabci da na ajaminmu yadda ya kamata, don haka ba abin da za a yi wa sakaci ba ne.

Da farko, buɗe jerin abubuwan da kowane fakiti ke nema. A Debian, wani nau'in Linux, layin Build-Depends ne cikin fayil ɗin debian/control. Nemo dogaron da ba dole ba. Sau da yawa na gwaji ne ko na rubuta takardun bayani.

Na biyu, yanke zagayen a nan. FreeType yana ginuwa ba tare da HarfBuzz ba idan ka ba shi --with-harfbuzz=no. Idan dogaron na gwaji ne, sa masa alamar <!nocheck>, sannan ka yi gini da dpkg-buildpackage -Pnocheck. Wannan ya fi goge layin da hannu nesa ba kusa ba, domin wanda zai gaje ka zai ga dalili.

Sai ka girka wannan rabin ginin, wato FreeType marar HarfBuzz, ka gina HarfBuzz a kansa.

Daga nan koma ka sake gina FreeType cikakke, da gwaje-gwajensa, a tsabtataccen muhalli irin na sbuild, manhajar gina fakitin Debian a keɓe. Kada ka ɗora rabin ginin a ma'ajiyar jama'a, ko da wutar ECG, kamfanin lantarkin Ghana, ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Jira ta dawo ka ƙarasa.