Yadda Miji da Mata Za Su Yi Hutun Kwana Biyu a Savannah Ba Tare da Yara Ba

Ma'auratan da ke renon yara a Amurka sun san yadda mako yake cinye mutum. A kai makaranta, a ɗauko, aiki, girki, wanki, kafin a ankara an yi wata shida maigida da uwargida ba su yi hirar rabin awa ba sai wani ya ƙwala kiran "Mama!" Kwana biyu a wani gari na kudancin ƙasar ya isa a huta. Na zaɓi Savannah ta jihar Jojiya saboda da ƙafa ake yawon garin, kuma mutum biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa rasa abin faɗa.

1. Ku fara gamawa da batun yara

Nan ne tafiyar take gyaruwa ko ta ɓaci, tun ba a ɗaure kaya ba. Wanda zai riƙe su ya zama wanda suka saba da shi, kuma gara shi ya zo gidanku ya kwana da a kwashe su a kai masa. Yaro a kan gadonsa ya fi saurin barci. Idan ba ku taɓa kwana nesa da su ba, ku yi gwajin dare ɗaya tukuna, kuna cikin gari.

Ku bar masa takarda mai sa hannunku da ke ba shi izinin kai yaro asibiti, da katin inshorar lafiya, da lambar likitan yaran, da sunan duk maganin da wani yake sha da abincin da jikinsa ba ya karɓa. Ku gaya wa yaran gaskiya: ranar Juma'a za mu tafi, Lahadi da yamma mu dawo. Kada ku sulale suna barci. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, gobe ko shara za ki fitar sai ya riƙe miki zane. In kuwa akwai mai shan nono, ni dai a ganina a haƙura har a yaye shi.

2. Ku zaɓi lokaci

Afrilu da Mayu, ko ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. A Yuli da Agusta zafi da gumi ba sa barin mutum ya yi tafiyar ƙafa da rana. Lokacin guguwar teku yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, don haka ku kama ɗakin da za a iya fasawa a mayar da kuɗi. Ku kauce wa makon 17 ga Maris: bikin St. Patrick na 'yan asalin Ireland da ake yi a Savannah yana cikin mafi girma a Amurka, gari ya cika maƙil, kuɗin otal ya haura.

3. Hanya da masauki

Daga Atlanta tuƙin kusan awa huɗu ne, a bi babbar hanyar I-75 zuwa garin Macon a karya a hau I-16. Akwai filin jirgin sama, jirgin ƙasa na Amtrak ma yana tsayawa. Ku kama otal a cikin tsohon gari ko da ya ɗan fi tsada, don wanda ya sauka a bakin babbar hanya zai ƙare hutunsa yana neman wurin ajiye mota. Kafin ku biya, ku tambayi kuɗin fakin da haraji, sau da yawa ba sa cikin farashin da ake nunawa a intanet. Kuma ku ɗan nisanci River Street, titin bakin kogi, idan barci kuke so. Dokar garin ta yarda a yi yawo da giya a kofin roba a wannan yanki, daren Juma'a da Asabar hayaniya ba ta mutuwa da wuri.

4. Asabar: abu ɗaya da safe, ɗaya da yamma

Kada ku rubuta jerin wurare goma. Wanda ya gudo daga jadawalin yara bai kamata ya ɗora wa kansa wani ba.

James Oglethorpe ne ya kafa garin a 1733, ya tsara shi unguwa-unguwa, kowace da dandalinta a tsakiya. Yau saura 22 daga cikin 24. Ku kama Bull Street daga ginin majalisar gari ku miƙe kudu. Za ku ratsa dandali biyar, Johnson, Wright, Chippewa, Madison da Monterey, duk a inuwar manyan itatuwa masu wani tsiro toka-toka da ke reto a rassansu kamar gemun dattijo. Tafiyar ba ta wuce kusan mil ɗaya ba, amma in kun yi ta daidai za ta ci muku safiya, don kowane dandali akwai benci. Ƙarshenta lambun shaƙatawa na Forsyth Park ne, inda wata shahararriyar maɓuɓɓugar ruwa da aka gina a 1858 take, kuma Asabar da safe manoma suna baje kayansu.

Idan za ku shiga gida ɗaya na tarihi, ku shiga Owens-Thomas. Ana nuna falon masu gida, ana kuma nuna ɗakunan bayin da suka yi masa hidima. Kyan garin nan da guminsu aka gina shi. A Maris 1859 an yi gwanjon mutum sama da 400 a Savannah cikin kwana biyu. Kudu da nan kuma, a tsibirin Sapelo, wani bawa Musulmi ɗan Futa Jalon ta ƙasar Gini mai suna Bilali Muhammad ya bar rubutu da haruffan Larabci wanda har yau yana nan a ajiye. Ba za ku kai Sapelo a wannan zuwan ba, amma ku san da shi.

Bayan azahar ku koma ɗaki ku yi barcin rana, abin da rabonku da shi tun haihuwar fari. Da yamma ku gangara bakin kogi ku hau ƙaramin jirgin ruwan da ke tsallakawa Hutchinson Island, kyauta ne. In an yi sa'a wani jirgin kwantena zai wuce ta gabanku kamar bene yana tafiya. Uwargida, ki sa takalmi mara tsini, gangaren duwatsu ne.

5. Abinci

Ku kama tebur tun kafin ku taso daga gida. Girkin kudu yana da daɗi, sai dai naman alade yana ɓuya inda ba a zato: a ganye, a wake, a shinkafa, har a miyar da ake zuba wa jatan lande. Ku tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi. Gasasshen kifi ya fi sauƙin sha'ani. Ku ware kashi 18 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin abinci a matsayin tukwici ga mai kawo muku.

6. Waya

Kira ɗaya a rana, a lokacin da aka yanke, kuma ba daf da barcin yara ba, don muryar uwa da dare kuka take tayarwa. Mai riƙonsu yana da lambarku da ta otal. Zancen yara zai shigo hira, babu makawa, a ba shi minti goma a wuce. Zancen bashi da kuɗin makaranta kuwa ya jira Litinin.

7. Lahadi

Idan kuna da mota, Tybee Island tafiyar kusan rabin awa ce gabas, ku je da sassafe ku taka yashin bakin teku ku dawo. Ku lissafa hanya yadda za ku isa gida yara ba su kwanta ba, tunda haka kuka yi alkawari. Tsaraba kuma ba sai an wahala ba: a River Street ana dafa alewar praline a gabanka, ku sayi ta yara, ku sayi kwali na daban mai girma na wanda ya riƙe muku su, ku kuma tambaye shi tun a bakin ƙofa wane wata yake da sarari a baɗi.