Tsohon ciki a Ingila: nasiha ga ƙannenmu sababbin zuwa

Ƙannena da kuka sauka ƙasar nan da juna biyu, da waɗanda Allah ya ba su rabo bayan isowa, sannunku da zuwa, Allah ya raba lafiya. A Manchesta na haifi 'ya'yana, kuma shekara da shekaru ina kallon matanmu suna faɗawa ramin da mu na farko muka faɗa. A gida mai ciki ba ta buƙatar buɗe baki. Uwa na kallonta, uwar miji na kallonta, tsohuwar da ke maƙwabtaka ma daga tafiyarta take gane wata ya kama. A nan babu mai kallon tafiyarki. Abin da ba ki faɗa ba, ba a sani ba, kuma takardar da ba ki nema ba, babu mai biyo ki da ita.

Fara awo ba shi da wuya. Ki yi rajista da likitan unguwarku, wanda ake kira GP, ki cike fom a shafin asibitin da ke kusa da ke, ungozoma za ta kira ki. Ana so a fara ganinki kafin ciki ya cika mako 10, saboda gwajin jini, har da na sikila wanda ya shafe mu sosai. Akwai hoton ciki wajen mako 12, da wani wajen mako 20. In kin zo da cikin wata shida ko bakwai, kada ki ce lokaci ya wuce, ki je gobe da safe da duk katin awon da kika taho da shi daga gida.

Wahalhalun tsohon ciki kuwa iri ɗaya ne ko a Kano ko a Landan: ƙwannafi, ciwon ƙugu, kumburin ƙafa da yamma, ɗaurewar jijiyar ƙwauri da dare, fitsari ba ƙaƙƙautawa, bacci ya ƙi. Ki rage yaji da mai da daddare, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan, ki ɗora ƙafafu a kan matashi. Daga mako 28 ki riƙa kwanciya ta gefe, kada ki yi rigingine, ki sa filo tsakanin gwiwoyi. Abin da ƙasar nan ta ƙara mana shi ne rashin rana. Fatarmu baƙa ce, muna rufe jiki, ga hunturu da ake yin magariba kafin ƙarfe huɗu, don haka ƙwayar bitamin D ta kullum ba abin wasa ba ce gare mu. Sanyi kuma kan sa mace ta kulle kanta a ɗaki wata guda, ƙugu ya ƙara riƙewa. Ki sa rigar sanyi ki zaga unguwa ko da na minti ashirin ne. Za a yi miki tayin allurar tarin shiƙa, da ta mura, da wata ta RSV, cutar numfashi da ke kama jarirai, daga mako 28 wadda aka fara bayarwa a 2024. Ki kuma tambayi ungozoma takardar da ke ba mai ciki magani da ganin likitan haƙori kyauta har shekara guda bayan haihuwa. Mata da yawa sun yi ta biyan kuɗin magani don ba su san da ita ba.

Inda raina ke ɓaci shi ne kunya. An raine mu a kan cewa mai cikin fari ba ta nuna ciwo, ba ta ma ambaton cikin. Tarbiyya ce mai kyau a gaban surukai, amma a gaban ungozoma tana iya jawo asarar rai. In motsin yaro ya ragu ko ya canza daga yadda kika saba, ki kira lambar sashen gaggawa na masu ciki nan take, tana jikin takardun awonki, kuma ana ɗagawa dare da rana. Kada ki sha ruwan sanyi ki kwanta ki ce bari gari ya waye, kada ki jira maigida ya taso daga aikin dare. Haka in kin ga jini, ko faya ta fashe, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko ciwo a ƙasan haƙarƙari, ko fuska da hannaye sun kumbura farat ɗaya, domin waɗannan kan zo gabanin jijjiga. Ƙaiƙayin tafin hannu da na ƙafa, musamman da dare, shi ma a faɗa, yana iya zama daga hanta. Rahotannin MBRRACE, masu bin diddigin mutuwar mata a dalilin ciki da haihuwa a Birtaniya, sun daɗe suna nuna cewa haɗarin baƙar mace ya haura ninki biyu na farar mace. Wani ɓangare na matsalar shi ne ba a saurarenmu yadda ya kamata. To in ana jinkirin sauraren wadda ta yi magana, ina ga wadda ta sunkuyar da kai ta ce ba komai? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba ki gamsu ba ki maimaita, ki nemi ganin babbar ungozoma ko likita. In Turancinki bai kai ba, haƙƙinki ne a nemo miki tafinta kyauta. Kuma ki sani, in ta kai ga aiki ko ruwan naƙuda, ke za a tambaya, ke za ki sa hannu, maigida shawara kawai zai bayar. Ku tattauna wannan tun kina da ƙarfinki.

Sai maganar takardu, wadda ita ce ta fi ba ni wahala, kuma ita ce har yau take sa matanmu kuka.

Jama'a na ta cewa asibiti kyauta ne a Ingila. Kyauta ne ga wanda yake da izinin zama na dindindin, da wanda ya biya kuɗin lafiya lokacin neman biza, wanda tun Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga ɗalibi da yaro. Masu bizar aikin lafiya da kula da tsofaffi an ɗauke musu wannan kuɗin. Amma wadda ta shigo da bizar ziyara, ko wadda bizarta ta ƙare, a Ingila za a caje ta kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin, kuma haihuwa ko ta lafiya lau ce dubban fam ce. Ga abin da nake so ya zauna a kanku: doka ta ɗauki awo da haihuwa a matsayin kulawar da ba a jinkirtawa, ba za a kore ki ba don ba ki da kuɗi a hannu. Na san wadda ta daina zuwa awo tun wata bakwai saboda wasiƙar bashi ta tsorata ta, sai da hawan jini ya kayar da ita aka ɗauke ta a motar asibiti. Bashin bai ragu ba, ga shi ta kusa rasa ranta. In wasiƙa ta zo, ki buɗe, ki je ofishin da ya aiko ta, in kuskure ne ki nuna shaidar bizarki, in gaskiya ne ku yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan. Bashin fam 500 ko fiye da aka bari wata biyu ba biya ba yarjejeniya, ana iya kai rahotonsa ga hukumar shige da fice, ya tare miki hanya ranar sabunta biza. Ƙungiyar Maternity Action tana ba da shawara kyauta a kan wannan.

Mai aiki kuma, bayan mako 20 ki karɓi takardar shaidar ciki da ake kira MATB1 a wurin ungozoma, ki sanar da wurin aikinki a rubuce aƙalla mako 15 kafin makon haihuwa. Hutun haihuwa yana kaiwa mako 52, ana biyan 39 daga ciki in kin cika sharaɗin daɗewa a aikin. Wannan kuɗin ba ya cikin tallafin gwamnati da bizar yawancinmu ta haramta. Amma kuɗin yara da ake kira Child Benefit yana ciki, haka tallafin masu ƙaramin ƙarfi da ake kira Universal Credit. Kada wata ta ce miki ai ita tana karɓa, ke ma ki cike. Takardunku ba ɗaya ba ne. Ɗaliba kuwa ta je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arta tun da wuri, domin dakatar da karatu fiye da kwana 60 yana iya taɓa bizar.

Kowace mai ciki burinta Hajiya ta zo ta yi mata wanka. Ni ma haka na ci buri a haihuwata ta fari. Na sayi katifa, na sayi bargo, mahaifiyata ta daka yajin jego ta ƙulla kayanta a Zariya, sai amsar biza ta fito da cewa ba a gamsu za ta koma ba. Ina da cikin wata tara na zauna a bakin gado ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Da aka sake nema aka samu, yaro har ya fara zama. Don haka nake cewa a nemi bizar tun ciki yana wata biyar ko shida, a haɗa shaidar abin da zai mayar da ita gida, iyali ne, gida ne, sana'a ce ko fansho, a nuna kuɗin da zai ɗauki nauyinta ba tare da an zuba wasu maƙudan kuɗi a asusu dare ɗaya ba. A rubuta gaskiya, ziyara ce ta ganin 'ya da jika, ba ta wuce wata shida. A saya mata inshorar lafiya, ta taho da magungunanta na hawan jini ko suga, don ita ma in ta kwanta asibiti caji za a yi. Duk da haka ki tsara jegonki kamar ba za ta zo ba. Mai tunanin komawa gida goyon ciki kuma ta sani yawancin jirage suna neman takardar likita daga mako 28, ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36.

Har yanzu ina jin masu cewa a zo a haihu a nan yaro ya samu jan fasfo, wato na Birtaniya. Wannan doka ta ƙare tun 1 ga Janairun 1983. Yaro ba ya zama ɗan Birtaniya da haihuwa sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. In ba haka ba, ɗan Nijeriya ko Nijar kuka haifa, kuma aiki na jiranku: rajistar haihuwa cikin kwana 42 a Ingila da Wales, kwana 21 a Sikotland, sannan fasfo, sannan biza. Jaririn iyayen da suka biya kuɗin lafiya yana da wata uku na farko kyauta, bayan nan sai an nema masa tasa takardar. Wata uku a jego kamar kwana uku ne. Malam, wannan aikinka ne, ka fara tara kuɗinsa tun yau, kuma kada ku fita da yaro ƙasar waje ba biza kuna tsammanin dawowa da shi haka nan.

In ɗaki ɗaya kuke haya a gidan tarayya, ku duba yarjejeniyarku tun yanzu, ku fara neman wuri kafin wata takwas. Bango mai danshi da baƙin fumfuna yana cutar da ƙirjin jariri, a kai ƙorafi a rubuce, a ajiye hoto.

Jakar asibiti ta zama a shirye daga mako 36: takardun awo, zannuwa, audugar mata, kayan jariri masu ɗumi da hula, dabino. Ki sayi kujerar jariri ta mota, doka ce. Ki san wadda za ta riƙe miki manyan yara ko da ƙarfe uku na dare ne, don ba a shiga ɗakin haihuwa da su. Kina iya roƙon mace ta duba ki, za a yi ƙoƙari, amma in gaggawa ta taso wanda ke bakin aiki shi zai zo. In kuna son a ba ku mabiyiya ku binne, ku faɗa tun kafin naƙuda. In lafiya aka haihu ana iya sallamarki a ranar ko washegari, ungozoma ta biyo ki gida.

Wankan jego a yi shi da ruwa mai ɗumi wanda jiki zai ɗauka, mai ɗinki kuma ta bi abin da aka ce mata. Kunun kanwa dai ina roƙo a sassauta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gado mai wuta. Ga kunun gyada, ga farfesu, sun wadatar. Jariri a kwantar da shi rigingine a nasa gadon, kada a naɗe shi da barguna a jikin hita, kada a ba shi zuma kafin shekara. In kin ga kuka da baƙin ciki sun ƙi barinki bayan mako biyu, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiyar da ke zuwa gida, ciwo ne da ake magani.

Ragon suna ba a yanka shi a bayan gida a nan. Ko a ba mahaucin halal ya yi a mayanka, ko a aika kuɗi gida a yanka a raba, a yi addu'a a masallaci ranar bakwai. A wannan fannin ina alfahari da matanmu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma na ga an tabbatar da shi a Manchesta, da Birmingham, da Leeds: wannan ta kawo tuwo da miyar kuka, waccan ta ɗauki yara zuwa makaranta, wata ta taso daga aikin dare ta zo ta yi wa jariri wanka kafin ta je ta kwanta. Amma ba za mu yi wa wadda ba mu san da ita ba. Ki shiga zauren matan garinku tun ciki yana wata biyar, ki faɗa wa mace biyu da kika yarda da su watan haihuwarki da asibitin da kike awo, ki ba maigida lambobinsu ya ajiye a wayarsa.