Guba Ce Ko Zazzaɓin Lassa? Yadda Ake Ɗaukar Samfurin Da Zai Raba Gardama

Daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar rani, abubuwa biyu kan haɗu a rumbu ɗaya: ɓeran da ke ɗauke da ƙwayar cutar Lassa, da maganin da aka zuba wa wake don kada ƙwari su cinye shi. Idan aka kawo mutum uku daga gida ɗaya suna amai, ɗaya ya riga ya cika, dole ma'aikacin asibiti ya riƙe zato biyun a lokaci guda. Ba a raba su da ido kaɗai. A watan Afrilun 2015, a Irele ta jihar Ondo, mutane aƙalla 18 suka mutu bayan ciwon kai da ɗaukewar gani. An fara tsoron annoba, aka koma zargin maganin ciyawa, daga baya gwaji ya nuna sinadarin metanol ne a cikin barasar gida. Samfuri ne ya kawo amsar.

Ka fara da kare kanka. Muddin ba a kawar da zargin Lassa ba, safar hannu biyu, rigar kariya, takunkumi da tabarau wajibi ne. Ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari na kaya ne da ƙasa, mai 0.05 na wanke hannu. Tufafin mara lafiya a cire su a ƙulle a leda, domin idan guba ce tana ci gaba da shiga ta fata, idan kuma bairos ne suna yaɗa shi.

Tambayar dangi ta fi yawancin gwaje-gwaje sauri. Guba kan kwantar da mutane cikin mintuna ko awoyi bayan cin abinci ɗaya ko kwana a ɗaki ɗaya, galibi ba tare da zazzaɓi ba a farko. Lassa kan ɗauki har kwana 21 kafin ta bayyana, ta fara da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ciwon maƙogwaro da kasala, kuma masu jinya kan kamu ɗaya bayan ɗaya. A tura wani gida ya ɗauko kwalba ko gwangwanin maganin da ragowar abincin.

Fiya-fiya da Sniper, wato dangin oganofosfet, suna toshe sinadarin kolinestares da ke jiki, wanda jijiyoyi ke buƙata don su yi aiki daidai. Za ka ga ɗigon baƙin tsakiyar ido ya tsuke kamar kan allura, yawu na dalala, gumi sharkaf, ƙirji cike da ruwa, naman jiki na motsi shi kaɗai, wani lokaci da warin kananzir. Kada a jira sakamako kafin a ba da aturofin, maganin karya wannan guba. Ga babba, miligiram 1 zuwa 3 ta jijiya, a riƙa ninkawa duk minti biyar har ƙirji ya bushe, bugun zuciya ya haura 80. Amma a ja jini tun a allurar farko, kafin a ba da furalidokzim, magani na biyu na wannan guba, saboda shi yana farfaɗo da kolinestares ɗin da ake son aunawa.

A nan ne aka fi yin ɓarna, wajen zaɓen kwalba. Jinin auna kolinestares yana shiga kwalbar EDTA ko ta hefarin, sinadaran da ke hana jini daskarewa. Idan ya shiga kwalbar fuloraid, wadda ake auna suga da ita, an kashe gwajin, domin fuloraid da kansa yana danne sinadarin, sai sakamako ya nuna guba ko da babu ita. Jinin gwajin PCR, mai gano ƙwayar Lassa, kuwa EDTA kaɗai yake so, hefarin yana hana gwajin aiki. Saboda haka kwalbar EDTA biyu ta fi kwanciyar hankali. Karanta rubutun jikin kwalba, kada ka dogara da launin murfi, kamfanoni sun sha bamban. Sannan guba ba ta daina aiki don jini ya shiga kwalba: idan ya zauna a kan tebur cikin zafin Maris, adadin da za a auna ba shi ne na jikin mara lafiya ba. A sanyaya shi nan take. Wajen fassara ma a yi hattara, kolinestares na ruwan jini yana sauka ga mai ciwon hanta, mai juna biyu da mai tamowa, don haka mai cutar shawara zai iya nuna adadi ƙasa alhali bai taɓa guba ba.

Ƙwayar da ake jefawa a buhun hatsi tana fitar da iskar fosfin, mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Iska ce, tana gudu, don haka abin da aka zuƙo daga ciki a rufe shi ruf a kwalbar gilashi. Takardar da aka jiƙa da silba naitiret tana yin baƙi idan tururinsa ya taɓa ta, sai dai a gawar da ta fara ruɓewa tana iya yin baƙi ba tare da guba ba. Maganin ciyawa na farakwat ana neman sa a fitsari da sinadarin dayitayonait da aka haɗa sabo, ya juya shuɗi, kuma ya fi aminci a cikin awa 24 na farko.

Idan rai ya yi halinsa, abu na farko auduga ce a goga cikin bakin mamaci, a sa a ruwan ajiye bairos, a aika. Ba a buɗe gawar da ake zargin Lassa, ba a kuma bar wa dangi wanka yadda aka saba, sai jami'an da aka horar. A sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, shi zai haɗa da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa. Samfurin ya tafi cikin sanyi na digiri 2 zuwa 8, a mazubi uku: kwalba a naɗe da auduga, cikin gwangwani mai murfi, cikin akwatin sanyi. Ɗakin gwaji na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja da asibitin ƙwararru na Irrua a jihar Edo suna cikin masu yin wannan gwaji.

Dangi za su so a yi jana'iza kafin la'asar, kuma haƙƙinsu ne a saurare su. A zauna da babban gida da liman, a gaya musu gaskiya: sanin abin da ya kashe shi ne zai tsare waɗanda suka rage a gidan. Inda ba a amince da buɗe gawa ba, kuma an kawar da zargin Lassa, allura kaɗai tana iya ciro jini, fitsari, ruwan ido da ɗan tsokar hanta ba tare da an yanka ba.

A gawa, jinin binciken guba daga jijiyar cinya ake ɗaukar sa, mililita 10, ba daga zuciya ba, saboda bayan mutuwa guba kan tsiyaya daga tumbi zuwa abin da ke kusa da shi, ta kumbura adadin. Dalilin ke nan da ya sa, idan an buɗe gawa, ake yanko hanta daga can cikin ɓangaren dama, giram 50 zuwa 100. Tumbi a ɗaure bakinsa biyu a juye duk abin da ke ciki a kwalba guda. Kowane samfuri da kwalbarsa, a firiza, kuma ko ɗigon fomalin, ruwan da ke hana tsoka ruɓewa, kada ya taɓa su.

Fomalin na tsokar da za a duba a madubin likita ne kawai. Mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, yawansa ya ninka tsokar sau goma, kaurin yanka kada ya wuce milimita 5, ya kwana ɗaya zuwa biyu. Babban gunduma a ƙaramar kwalba bayansa ne kawai zai kamu, cikinsa ya ruɓe. Wannan kuma ba a sa shi a firiza, ƙanƙara tana yayyaga ƙwayoyin halitta.

A ƙarƙashin madubi hanta ce ta fi magana. Cutar shawara tana kashe ƙwayoyin da ke tsakiyar kowane yanki na hanta, ta bar na gefe biyu, tare da jajayen matattun ƙwayoyi da ake kira da sunan Councilman. Lassa tana barin mutuwar ƙwayoyi nan da can, kumburi kaɗan. Farakwat huhu yake ci, ya mayar da shi tauri cikin mako ɗaya zuwa uku. Oganofosfet kuwa ba ya barin tambari na kansa, huhu mai ruwa kawai za a gani, shi ya sa ba a rubuta shi a rahoto sai da sakamakon ɗakin gwajin guba. Wanda ya yi dalalar yawu da ruɗewa, a tambayi dangi ko kare ya taɓa cizon sa, saboda zargin ciwon haukan kare. Idan haka ne, samfurin ƙwaƙwalwa ya tafi ɗanye cikin sanyi ko a ruwan gilisarin, a rubuta suna, rana, awar da aka ɗauka da duk maganin da aka ba shi kafin ya cika.